Rediyon ne ya mutu, ko sama ce ta toshe?

Usaini Mai Rediyo: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da Juma'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah a ba ni amsa ta gaskiya, domin mutuncina ne a ciki. Jiya Alhamis wani dattijo ya zo shagona a Fagge karɓar rediyonsa, irin tsohon nan mai nauyi da ake kawowa daga Saudiyya. Shekaranjiya na canza masa kwandansa biyu, na wanke bolum, na gwada shi da daddare yana kama mita 31 da mita 25 tar, kamar mai maganar yana zaune a gabanka. Jiya wajen ƙarfe 1:20 na rana na kunna a gaban mai shi, na zare eriya, na murɗa daga farkon layi har ƙarshe. Tsit. Ko shuuu ɗin nan da aka saba ji ya yi ƙasa. FM kuwa garau. Na ɗauko nawa na shago, shi ma haka. Dattijon nan ya dube ni ya ce ko dai na zare wani abu na sa wa wani. Ya tafi ya bar shi cikin fushi. Bayan la'asar na sake kunnawa, ko sukuru ɗaya ban taɓa ba, sai ga tashoshi sun dawo. Shekarata 22 a sana'ar nan. Me ya faru?

Yakubu Tudun Wada: Wa'alaikumussalam. Oga Usaini ka duba batir kuwa?

Usaini Mai Rediyo: Haba Yakubu. Da wuta na gwada, da batir na gwada. Ka taɓa ganin batir ya kashe gajeren zango ya bar FM, sannan ya farfaɗo da la'asar?

Ɗan Kurna: Toshewa aka yi. Akwai labarin da ba a so a ji ne jiya. Ku dai ku ci gaba da barci.

Baba Alhaji Ɗandago: Usaini, kwantar da hankalinka, hannunka lafiya lau. Na yi shekaru a ɗakin rediyo na filin jirgin sama kafin in yi ritaya, kuma na san wannan shirun. Sai kana magana da matuƙi yana can saman Sahara, muryarsa ta dushe kamar an sa masa filo a baki, ka canza mita, ka canza, babu. Bayan rabin awa ko awa guda ta dawo da kanta. Kuma kullum da rana tsaka yake faruwa, ban taɓa ganinsa da dare ba. Manyanmu a wurin aiki suna cewa rana ce ta yi tari. Bilki tana nan? Ita ce za ta faɗa mana da harshen makaranta.

Malama Bilki: Ina nan Baba, ina wuni. Yanzu na fito daga aji. Maganarku daidai ce, kuma Yaya Usaini agogonka ma daidai ne, har ka ba ni mamaki. Jiya 3 ga Oktoba 2024 rana ta yi wani babban aman wuta wanda ya kai ƙololuwa da ƙarfe 1:18 agogon Najeriya. A ma'aunin masana an sa shi a X9, kuma tun watan Satumba na 2017 ba a ga mai ƙarfinsa ba. A lokacin rana tana tsaye ne a kan Afirka da Tekun Atilantika, don haka mu muka sha.

Ga yadda abin yake. Daga kamar kilomita 60 a samanmu zuwa sama da kilomita 500, iska ta yi siriri ƙwarai, kuma hasken rana yana fizge elektiron daga jikin ƙwayoyinta. Wannan yanki shi ne ayonosfiya. Hawa-hawa ne. Na ƙasa ana ce masa D, daga kilomita 60 zuwa 90. Sai E a samansa, sai F can sama. Hawan F shi ne silin ɗin da gajeren zango yake bugawa ya dawo ƙasa, shi ya sa kake zaune a Fagge kana jin tashar da ke tsibirin Asenshon a tsakiyar teku. Amma kafin sautin ya kai silin, dole ya ratsa hawan D, kuma shi D ba ya mayarwa, tsotsewa yake yi. A ranar da komai ke lafiya ɗan kaɗan yake ci. Jiya rana ta watso irin hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ya iso cikin minti 8, ya cika hawan D da elektiron, sai ya zama kamar jiƙaƙƙen bargo. Duk abin da ya shiga bai fito ba, har da ƙarar da kake ji a bayan tashoshi, domin ita ma yawancinta daga nesa take zuwa. FM ba ruwansa da silin, kai tsaye yake zuwa daga dogon ƙarfen gidan rediyo zuwa eriyarka.

Usaini Mai Rediyo: Allahu Akbar. Wato da dattijon ya zo ƙarfe 12 da mun rabu lafiya.

Malama Bilki: Da kun rabu lafiya har da godiya.

Yakubu Tudun Wada: Ni dai na taɓa jin cewa irin wannan abin daga can ƙuryar arewacin duniya yake sauko mana, inda ake ganin hasken nan kore a sama. Ko ba shi ba ne?

Abba Na Turai: Salamu alaikum, yanzu na ga an ambace mu. Kawu Yakubu, na jiya kam ba daga wajenmu ya zo ba. Wannan kai tsaye ne daga rana, inda duk take tsaye a ka nan ne ya fi jin jiki. Mu nan Turomso a arewacin Nowe a wannan watan rana ba ta yin sama sosai, don haka irin wannan dukan kun fi mu shan sa.

Namu dukan daban ne, kuma ya fi naku daɗewa. In rana ta yi babban amai, abu uku na iya fitowa. Hasken da Anti Bilki ta faɗa shi ne na farko, minti 8. Bayansa wani lokaci akwai ƙwayoyin furoton masu tsananin gudu, su kan iso cikin mintuna zuwa 'yan awanni. Na ƙarshe wani ƙaton gajimaren iskar rana ne mai ɗauke da maganaɗisu, shi sai ya yi kwana 1 zuwa 3 a hanya.

Haske ba ruwansa da maganaɗisu, wucewa yake. Amma biyun ƙarshe suna ɗauke da caji, kuma maganaɗisun duniya yana tare su. Ku ɗauke shi kamar badala. A saman Kano layukan maganaɗisun a kwance suke, katanga ce sosai. A ƙuryar arewa da ta kudu kuwa layukan tsaye suke, suna nutsawa cikin ƙasa. To nan ne ƙofa. Duk baƙon da badala ta hana, sai ya bi gefenta har ya shigo ta nan. In furoton suka zubo, suna nutsawa har hawan D su toshe gajeren zango a dukan kewayen ƙuryar duniya, ba na awa guda ba, na kwanaki. An ga babban misalinsa ranar 23 ga Fabrairu 1956.

Baba Alhaji Ɗandago: Wato ku ne Ƙofar Mata, mu muna cikin gari.

Abba Na Turai: Haka ne Baba, kuma ƙofar ba ta da ƙyaure.

Hajiya Maman Ummi: Abba ka taɓa ganin hasken da idonka? Ni a hoto kawai nake gani, har na ɗauka haɗi ne na kwamfuta.

Abba Na Turai: Sau da yawa Mama. Ranar farko da na gan shi sai da na yi ta salati, don kamar labule ne kore ake kaɗawa daga wannan gefen sama zuwa wancan, kuma ba ko motsin sauti. Amma gaskiya kyamara tana ƙara masa kala, a ido ya fi dusashewa sai in ya yi ƙarfi. Koren nan iskar oksijin ce da elektiron suka buga a wajen kilomita 100 zuwa 150. Ja yana fitowa sama da kilomita 200, shi ma oksijin ne. Shuɗi da ruwan hoda na gefen ƙasa naitirojin ne. Ga mai yawon buɗe ido abin sha'awa ne, ga mai rediyo kuwa alama ce cewa silin ya yamutse. Sautin da ya ratso ta wurin sai ka ji yana karkarwa kamar mai magana a bayan fanka.

Hajiya Maman Ummi: To ya kuke yi da salla in rana ta ƙi fitowa? Na ji an ce haka ake yi a can.

Abba Na Turai: Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba ta leƙowa, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli kuma ba ta faɗuwa. A irin lokutan nan jama'ar masallaci jadawalin Makka suke bi. Kuma wannan dogon daren yana cikin abin da ya sa masu bincike ke son wurin. A Kano kullum rana za ta fito ta gina ayonosfiya, ta faɗi ta bar shi ya lafa. A nan sai a yi makonni ba rana, amma ka auna ka tarar da elektiron a sama. Daga ina? Wasu ta ƙofar nan suka zubo, wasu kuma curi-curi ne da ake korowa daga ɓangaren da ke da rana, su ratsa ta saman ƙuryar duniya zuwa ɓangaren dare.

Ɗan Kurna: Duk kun kauce wa maganar. Ku faɗa wa mutane labarin HAARP mana. Amurka tana da wata na'ura a Alaska da take harba wuta sama da ita, da ita ake juya damina, da ita ake kawo ambaliya. Ku duba abin da ya faru a Maiduguri watan jiya. Sannan a ce mana wai rana ce ta yi tari.

Malama Bilki: Malam, na'urar tana nan, ba ƙarya ka yi ba a nan. Tana wani wuri da ake kira Gakona a Alaska, eriya 180 ce a fili guda. Sojojin Amurka ne suka ba da kuɗin gina ta, shi ya sa ban ga laifin wanda ya yi zargi ba tun farko. A 2015 aka miƙa ta ga Jami'ar Alaska da ke Fairbanks. Amma mu yi lissafi. Dukan ƙarfinta megawat 3.6 ne. Tashar Kainji an gina ta ne a kan megawat 760. Wato ko kashi ɗaya cikin 200 na Kainji ba ta kai ba. Sannan hadari da ruwan sama duk a ƙasa da kilomita 20 ake yin su, ita kuwa inda take ɗumamawa ya haura kilomita 60, kuma da an kashe ta wurin yake komawa yadda yake cikin ɗan lokaci. Maiduguri kuma dam ɗin Alau ne ya ɓalle bayan ruwa mai yawa. In muka ɗora wa Alaska, mun sauke wa masu alhakin kula da dam nauyinsu ke nan.

Ɗan Kurna: Abin da suka faɗa miki ke nan. Ke kin je kin auna?

Malama Bilki: Ban je Alaska ba. Amma aman ranar jiya ba ƙasa ɗaya ce ta gan shi ba. Masu auna rana a ƙasashen da ba sa ga maciji da juna duk suna kallon rana ɗaya. Da ƙarya ce da tuni wani ya tona.

Abba Na Turai: Bari in ɗan tsaya wa Ɗan Kurna a abu guda, don kada a ce mun haɗe masa kai. Ɗan'adam ya taɓa yi wa sama ɓarna da gangan. Ranar 9 ga Yuli 1962 Amurka ta fasa bam ɗin nukiliya a tsayin kilomita 400 a saman Tekun Fasifik. An ga haske irin namu na nan a inda ba a saba gani ba, fitilun titi sun mutu a Hawai, taurarin ɗan'adam da dama sun lalace daga baya. To wannan ya faru. Amma ka ga bambancin, bam ne, kuma duniya duka ta sani a daren. Irin HAARP akwai 'yar'uwarta a nan kusa da mu, a wani kwari da ke wajen gari, tare da rada mai auna ayonosfiya, EISCAT, da aka fara aiki da ita a 1981. Ɗalibai na zuwa. Da tana juya yanayi da mutanen garin nan sun fara roƙon a rage musu ƙanƙara.

Ɗan Kurna: Za ku gani dai.

Baba Alhaji Ɗandago: A bar shi haka, kowa ya faɗi nasa. Abba, wata tambaya. Lokacin da muke aiki, in matuƙi ya ɓace mana a gajeren zango sai mu nemi wani jirgin da ke kusa ya isar masa da saƙo. Kuma ƙa'idarmu ita ce in rana ta yi sama ka hau mita ta sama, in ta faɗi ka sauko. Ka san sararin samaniyar Najeriya gaba ɗaya a taswirar matuƙa sunan Kano yake ɗauke da shi, kuma tun 1925 jirgi ya sauka a nan. To yanzu da ake da tauraron ɗan'adam, me ya sa har yau ake damuwa da gajeren zango a wajenku?

Abba Na Turai: Baba ku dubi dish ɗin gidanku, kusan sama yake kallo. Manyan taurarin sadarwa suna tsaye ne a kan layin tsakiyar duniya, kilomita kusan 36,000 a sama. A nan Turomso dish kamar bango yake kallo, ya kusa kwanciya da doron ƙasa. In ka wuce digiri 82 arewa, tauraron ya faɗa bayan duniya, ba ka ganinsa sam. Jiragen da ke yanke hanya ta saman ƙuryar duniya daga Amurka zuwa Asiya a wannan yankin sun daɗe suna dogara da gajeren zango. Yanzu akwai taurarin Iridium da ke zagayawa ta can, sun rage matsalar, amma har yau in furoton suka zubo kamfanoni na karkatar da jirage kudu, a ƙara mai a ƙara awanni. An yi haka a guguwar ƙarshen Oktoba 2003. Ban da maganar sadarwa, akwai kuma tururin furoton ɗin da ke ratsa jikin matuƙa da fasinja a irin wannan tsayin.

Yakubu Tudun Wada: To duk na ji, kuma na ƙaru. Amma tsakani da Allah, mu a Kano ina ruwanmu? Ba mu da wutar kirki, ba mu da ruwan famfo, sai mu damu da saman Nowe? Gajeren zangon ma tsofaffi ne kaɗai suka rage a kansa, ka yi haƙuri Baba. Yara duk suna waya.

Usaini Mai Rediyo: Ka zo shagona ranar kasuwa ka ga masu zuwa daga ƙauye da Fulani makiyaya. Inda ba sabis, inda ba caji, batir biyu ya ishe su wata guda. Tun 1957 ake jin sashen Hausa na BBC a gajeren zango, ba yau za a daina ba.

Injiniya Nura: Yakubu ita wayar taka da me take nuna maka hanya? Ni aikina awon fili ne. Na'urar da muke aiki da ita tana kama taurarin GPS, kuma kuskurenta bai wuce 'yan santimita ba in komai lafiya. Watan Maris ɗin da ya wuce muna wani aiki a wata gona wajen Bichi, muka makara har bayan magariba. Da rana lafiya lau. Wajen ƙarfe 8 na dare na'urar ta dinga saki tana kamawa, saki tana kamawa, sama fes ba gajimare ba bishiya. Kwana uku a jere. Har na kira wanda ya sayar mana na yi masa faɗa. Yanzu da nake karanta labarin Usaini sai jikina ya yi sanyi, kada dai nima na zalunci bawan Allah.

Malama Bilki: Injiniya ba zan rantse ba tunda ban ga bayanan na'urar ba, amma lokacin da watan duk sun yi kama da abin da na sani. Kuma nan ne amsar Yaya Yakubu take.

Wuri biyu ne a duniya ayonosfiya ya fi rashin kunya: ƙuryoyin duniya, da kuma layin tsakiya na maganaɗisu. Wannan layin ba ɗaya yake da na taswira ba. A Afirka ta Yamma ya hauro arewa, ya ratsa Najeriya tsakanin Kano da Abuja. Wato kusan a ƙarƙashinsa muke zaune. Da rana akwai wani kogin lantarki da ke gudana gabas a samanmu, wajen kilomita 100 da ɗoriya. An fara lura da alamarsa a Huwankayo ta ƙasar Peru a shekarun 1920, kuma ɗan Najeriya, Farfesa Cyril Onwumechili, yana cikin waɗanda suka yi suna a duniya kan bincikensa, tun daga Ibadan.

Abin da ya shafi Injiniya kuwa bayan faɗuwar rana yake faruwa. Ƙasan hawan F yana saurin lafawa, samansa na nan da nauyi, ga shi kuma ana ɗaga shi sama a daidai lokacin. Abu mai nauyi a kan marar nauyi ba ya zama lafiya. Sai wasu kumfa marasa elektiron su taso su huda sama, kamar yadda kunu ke ɓulɓulowa a tukunya. Saƙon GPS da ya ratso ta cikinsu sai ya dinga ƙyaftawa, na'ura ta saki. A yankinmu ya fi yawa wajen Maris da Afrilu, da kuma Satumba da Oktoba, daga bayan magariba zuwa tsakar dare, musamman a shekarun da rana ke kan ganiyarta. Rana tana da zagaye na kusan shekara 11, wannan da muke ciki ya fara a Disamba 2019, ya kai wajen ƙololuwarsa a 2024.

Yakubu Tudun Wada: To ai kin ƙara ƙarfafa ni. Namu daban, nasu daban. Mu yi namu binciken, su yi nasu.

Abba Na Turai: A nan ne ban yarda ba Kawu. Gida ɗaya ne. In gajimaren nan ya bugi maganaɗisun duniya, ta ƙofarmu ƙarfin yake shigowa, amma ba ya tsayawa a nan. Ƙarfin lantarkin da ya taru a ƙuryar duniya yana iya zubowa har saman Kano cikin mintuna. Bayan wasu awanni kuma iskar da ta yi zafi a can sama tana kwararowa zuwa tsakiyar duniya ta sauya yadda kogin nan da Anti ta faɗa yake gudu. Wani daren wannan ya tayar da kumfar, wani daren ya danne ta gaba ɗaya, ya danganta da ƙarfe nawa ne a wajenku lokacin da dukan ya iso. Don haka wanda yake so ya gaya wa Injiniya kada ya fita awo gobe da daddare, dole ya san abin da ke faruwa a tsibiran Sibalbad na arewacin Nowe da kuma Antaktika yau. Shi ya sa Afirka ta Kudu take da tashar SANAE a Antaktika, da rada a cikin jerin SuperDARN da ke leƙen saman ƙuryoyin biyu.

Kuma mutum ɗaya ne ya buɗe ƙofofin biyu. Edward Appleton, wanda ya tabbatar da akwai ayonosfiya a 1924 da tashar BBC ta Bonmos a Ingila, shi ne ya kawo na'urorinsa garin nan a shekarar binciken ƙuryar duniya ta 1932 zuwa 1933, aka ga yadda sautin ke ɓacewa ɗungurungum in sama ta rikice. Shi ne kuma a 1946 ya bayyana cewa elektiron suna taruwa tudu biyu, arewa da kudu da layinku. Ya karɓi kyautar Nobel a 1947.

Malama Bilki: Kuma namu binciken ana yi, sai dai kayan aiki sun yi ƙaranci. Hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, tana da cibiyar binciken sararin sama a Anyigba ta jihar Kogi, Jami'ar Ilorin ma ta daɗe tana auna ayonosfiya. Abin da ke ba ni takaici shi ne arewacin Nowe da Suwidin da Finlan cike suke da na'urori, mu kuwa da muke zaune a ƙarƙashin layin ɗungurungum, ɗalibina na aji shida bai taɓa jin sunansa ba. Ba ya cikin abin da ake tambaya a jarrabawa, don haka ba mai koyarwa.

Baba Alhaji Ɗandago: Bilki, akwai inda zan yi miki gardama. Kin ce abin da ke ƙasa ba ruwansa da gajeren zango. Ni kuwa shekara 50 ina saurare, kuma na san da hunturu rediyo ya fi kamawa. In hazo ya sauko, tashoshi tar. Da damina kuwa sai ƙarar tsiya. Wannan ba a littafi na karanta ba.

Malama Bilki: Baba kunnenku bai yi ƙarya ba, dalilin ne nake ja da shi. Ƙurar hunturu 'yan kilomita kaɗan take tashi, ba ta kusa da hawan D ba. Abin da ke faruwa shi ne da damina kowace walƙiya tashar rediyo ce ta kanta, tana watsa ƙara a dukan mitoci, kuma Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna cikin inda aka fi walƙiya a duniya. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan da kuke ji ita ce, ko da hadarin yana Jos ko Kamaru. Da hunturu ba hadari a kusa, ga dare ya ɗan ƙara tsawo, hawan D ya daɗe a kwance. Hazon ya zo ne tare da shirun, ba shi ya kawo shi ba.

Baba Alhaji Ɗandago: To na karɓi rabi. Sauran rabin sai hunturu ya zo mu gwada.

Hajiya Maman Ummi: Ni tambayata ɗaya, abin nan yana da haɗari ga mutum? In hana yara fita rana?

Malama Bilki: A'a Hajiya, iskar da ke samanmu ta tare shi tun daga nesa. Na'urori ne ke shan wahala. A 13 ga Maris 1989 guguwar rana ta kashe wutar lardin Kebek na Kanada na awa 9. A Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya yi asarar taurarin Starlink 38 cikin 49 da ya harba, saboda iskar sama ta kumbura ta ja su ƙasa. A watan Mayun bana kuma, ranar 10 da 11, manoman Amurka da taraktocinsu ke bin GPS sun tsaya cak a tsakiyar shuka, har a Afirka ta Kudu an ga jan haske a sama.

Yakubu Tudun Wada: Awa 9 ba wuta har ya shiga tarihi? Mu a unguwarmu wannan ai ranar sa'a ce.

Injiniya Nura: Malama, na jiyan nan akwai gajimare a bayansa? Ina da aiki ranar Litinin.

Abba Na Turai: Akwai Yaya Nura. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka, NOAA, ta yi gargaɗin guguwa mai ƙarfi daga yau zuwa Lahadi. Amma hasashen isowarsa yakan kauce da awanni da yawa, kuma ƙarfin dukan ba a saninsa sai ya kusa, don sai an ga inda maganaɗisunsa ya fuskanta. In kudu ya kalla, ƙofa ta buɗe. In arewa, sai ya goge mu ya wuce. Ka gama aikinka kafin la'asar dai. Mu nan har an fara cajin kyamara.

Baba Alhaji Ɗandago: To ga aiki. Duk mai rediyo a zauren nan, daga yau zuwa Talata, ya kunna da ƙarfe 7 na safe, da 2 na rana, da 9 na dare. A rubuta mita, a rubuta ko ya kama tar, ko da ƙara, ko shiru. Usaini kai ne mai tarawa. Abba kai kuma ka gaya mana daren da labulenku ya tashi, mu haɗa mu gani.

Ɗan Kurna: Ni ma zan rubuta. Amma in na ga abin da bai dace da maganarku ba zan faɗa.

Malama Bilki: Naka ma muka fi so.

Usaini Mai Rediyo: Jama'a yanzu aka sauko daga masallaci, sai ga dattijon ya aiko jikansa. Na kunna masa a gabansa, mita 19 da mita 16 duk suna kamawa. Na ce ya gaya wa Baba rana ce ta yi amai jiya. Yaron ya dube ni, ya ce shi dai ba zai iya kai wannan saƙon ba, sai dai in zo da kaina. Ya miƙo kuɗin gyara, na ƙirga, an cire naira 500.

Yakubu Tudun Wada: Na mene ne?

Usaini Mai Rediyo: Wai kuɗin Adaidaita Sahun jiya.